Shawarwari kan jagorancin makarantar da ta koma baya

Kan tambayar yadda za a farfaɗo da irin wannan makaranta, abin da masu ba da shawara suka fi nanatawa shi ne kada sabon shugaban makaranta ya fara da sauye-sauye. Zangon farko na bincike ne: ya duba rajistar zuwan malamai da ta ɗalibai, ya kwatanta sakamakon jarrabawar shekara 3 darasi bayan darasi, sannan ya riƙa shiga aji yana zama a baya na minti 15. Sau da yawa a nan zai gano yaran ba su iya karatu ba tun ƙananan azuzuwa, ana dai ciyar da su gaba ne. Sai a ware musu rabin awa kullum don koyon karatu, a raba su bisa iyawarsu, ba bisa ajinsu ba.

Kan salon mulki an sha bamban. Wasu sun ce sai da tsauri a farko: zuwa kan lokaci, shirya darasi, duba littattafan yara. Haka ne, amma tsauri kaɗai aikin ganin ido yake haifarwa. Gara shugaban ya damƙa wa shugabannin sassa aiki na gaske, kuma gyaran malami a yi shi a ofis, kan kuskure ɗaya, a dawo a duba bayan mako 2.