Tafiya da mota daga Tiriyesta zuwa Dubrovnik da iyali: kwana takwas za su isa?

Baban Aisha:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a arewacin Italiya da iyalina, kuma muna shirin yin hutun bana a gaɓar tekun Adiriyatik da motarmu. Niyyata ita ce mu tashi daga Tiriyesta, mu ratsa Sulobeniya, mu shiga Kuroshiya ta Riyeka, sannan mu bi hanyar bakin teku mai lamba D8 har Dubrovnik, in da hali kuma mu leƙa Kotor a Montenegiro. Mu biyar ne, har da mahaifiyata wadda ta zo mana ziyara daga Kano da bizar Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, kuma dogon zama a mota yana wahalar da ita. Kwana takwas nake da su a watan Agusta. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar game da inda ya dace mu yada zango da abin da ya kamata mu kiyaye.

Direban Udine:

Wa alaikumus salam Malam. Kwana takwas za su isa, amma da sharaɗin kada ka ƙudurta bin D8 tun daga farkonta har ƙarshenta. Hanya ce mai hannu biyu, mai yawan kwana, tana ratsa ƙauyuka inda doka ba ta yarda a wuce kilomita 50 a awa ba, kuma a Agusta takan cika da motocin 'yan yawon buɗe ido masu jan ɗakin kwana, waɗanda idan ka faɗa bayansu sai haƙuri. Daga Riyeka zuwa Zadar bai wuce kilomita 230 ba, amma ka ware masa awa huɗu ko fiye.

Duk da haka wannan sashen ne ba zan so ka tsallake ba. Daga Senj zuwa Karlobag har Starigrad, tsaunin Velebit yana hagunka, teku tana damanka, can tsallake kuma ga tsibirin Pag fari fat, kusan babu ko bishiya a ɓangaren da ke fuskantar hanya. Iskar da suke kira bura ce ta ƙwaƙule shi haka. Ta fi tsanani a lokacin sanyi, har akan rufe gadar Maslenica saboda ita, amma takan taso ko da rani, don haka ka duba sanarwar ƙungiyar direbobin Kuroshiya, HAK, kafin ka kama hanya da safe. Daga Zadar ka hau babbar hanyar A1, ka karɓi tikiti a mashiga ka biya a mafita, don Hajiya ta samu sauƙi. Bayan Split ka koma bakin teku ta Makarska. Ka guji tafiya ranar Asabar, domin ranar ce baƙi ke sauya masauki, cunkoson kuma ba a magana. A Sulobeniya, idan ka bi tsohuwar hanyar Kozina, ba ka buƙatar sayen izinin hawa babbar hanyarsu.

Maman Yusuf:

Yaya, kafin maganar hanya, don Allah ka buɗe fasfon Hajiya ka duba ko bizarta ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga da fita. Wannan ne ginshiƙin tafiyar gaba ɗaya. Kuroshiya ta shiga yankin Shengen a ranar 1 ga Janairun 2023, ranar da ta fara amfani da Yuro, saboda haka daga Italiya har Dubrovnik ba ku fita daga yankin ba. Montenegiro kuwa ba ta ciki. Idan bizar ta shiga sau ɗaya ce, da zarar ta fita ta Karasovici, mashigar iyakar Kuroshiya da Montenegiro, to bizar ta ƙare, kuma ba za a bar ta ta dawo da ita ba, ga ku da tsohuwa da yara a ƙasar da ba ku san kowa ba.

Haka lamarin yake a Neum. Bosniya tana da ɗan yankin da ya taɓa teku, wanda ya raba gaɓar Kuroshiya biyu, kuma tsohuwar hanyar tana ratsa shi na kimanin kilomita 9. Tun watan Yulin 2022 aka buɗe gadar Peljesac mai tsawon kilomita 2.4, wadda ke kewaye wurin, kuma ba a biyan ko sisi. Bayan Ploce ka lura da allunan hanya da kyau ka bi ta gadar, kada ka dogara da taswirar waya kaɗai. Za ta fito da ku kusa da Ston, garin gishiri mai doguwar ganuwa a kan tudu, wanda ya cancanci tsayawa.

Ɗan Zongo:

Ni dai ina ganin ko da takardun sun cika, a bar Kotor sai wani karon, domin layin motoci a kan iyakar a Agusta yana iya cinye rabin wuni. Gara ku kwana biyu a Zadar, biyu a Split, biyu a Dubrovnik. A Split mutane na zaune suna kasuwanci a cikin fadar sarkin Rum Diyokiletiyan, wadda aka kammala wajen shekarar 305, kuma filinta shimfiɗaɗɗe ne, Hajiya za ta iya zagayawa a hankali. Dubrovnik ta sha bamban: mota ba ta shiga tsohon garin, lungunansa matattakala ne, wurin ajiye mota kuma yana da tsada ƙwarai, don haka ku nemi masauki mai garejinsa a unguwar Lapad ko Gruz ku riƙa hawa bas.

Game da abinci, ku tsaya ga kifi, ku riƙa tambaya, domin busasshen naman alade da suke kira prsut yana shiga abubuwa da yawa. Akwai babban masallaci a Riyeka da aka buɗe a 2013, akwai kuma ƙaramin wurin salla a cikin tsohon garin Dubrovnik. Ku saya wa yara takalman roba, saboda bakin tekun tsakuwa ne, kuma a tsakanin duwatsun akwai wasu halittu baƙaƙe masu ƙaya da ke karyewa a cikin tafin ƙafa.

Baban Aisha:

Allah ya saka da alheri. Na duba, bizar ta shiga sau ɗaya ce, don haka mun fasa Kotor. Saura maganar dawowa, domin ba na son mu sake maimaita hanyar gaba ɗaya.

Direban Udine:

To Malam, ku koma Split ku shiga jirgin ruwan dare zuwa Ankona da motarku, ku kama ɗaki mai gado saboda Hajiya, da safe kuna Italiya ba tare da kun fita daga Shengen ba. Ka sayi tikitin tun yanzu, domin a makon 15 ga Agusta, lokacin hutun Italiyawa, gurbin motoci ne ke fara ƙarewa.