Jefa jaka kafin a faɗa ruwa: dabara ce ko ƙaryar fim?

Mai Kallo: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ga wani fim, abokan gaba sun ritsa jarumin a kan dutsen da ya kai mita 60. Sai ya fara wurga jakarsa cikin kogin da ke ƙasa, sannan ya bi bayanta, ya fito yana iyo lafiya lau. Ni a ganina jakar ce ta fasa fatar nan ta saman ruwa, shi ya sa bai ji ciwo ba. Ya kuka gani?

Ɗan Ninƙaya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, cire wannan daga ranka. Daga irin wannan tsayi, ruwa da kankare duk ɗaya ne.

Malamar Kimiyya: Ku duka biyun akwai gyara a maganarku. Mu fara da gudu. Abin da ya faɗo, duk daƙiƙa ɗaya gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa. Daga mita 10, tsayin dandamalin tsalle cikin ruwa na gasar Olamfik, mutum zai tarar da ruwa da gudun kusan kilomita 50 a awa. Daga mita 60 kuwa, daƙiƙa uku da rabi zai yi a iska, ya iso da gudun da ya haura kilomita 120 a awa. Fatar da kake magana a kanta, Malam, ƙarfinta bai wuce ya riƙe allura ko ɗan ƙwaro ba. Abin da ke karya ƙashi shi ne nauyin ruwan kansa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma ba ya matsuwa. Dole jikinka ya ture shi gefe cikin ƙiftawar ido, shi kuma ya rama. Ko ka jefa jaka, ruwan da ke ƙarƙashi yana nan yana jira.

Mai Kallo: To Malama, me ya sa a gasar tsalle daga duwatsu nake ganin ana fesa ruwa daidai inda za su faɗa? Ai fasa saman ake yi.

Ɗan Ninƙaya: A'a, wannan don ido ne. Ruwa idan ya kwanta tsaf, mai juyi a sama ba ya gane inda samansa yake. Kuma ka lura, a gasar Red Bull maza daga mita 27 suke tsalle, mata daga mita 21, kuma da ƙafa suke shiga, jiki a miƙe kamar sanda, ga masu ceto na jira cikin ruwan. Ƙwararru ke nan, a ƙasa da rabin tsayin fim ɗinka.

Baba Injiniya: Yarana, ku yi wa Mai Kallo adalci, akwai ƙamshin gaskiya a tunaninsa. A 2015 wani gwanin tsalle mai suna Laso Schaller ya yi tsalle daga mita 58.8 a wani magangarin ruwa a Suwizalan, ya rayu. Kafin ya faɗa, an sa tankunan iska suna hura kumfa daga ƙasan ruwan. Ruwan da ya gauraya da iska ya fi sauƙin turewa. Amma daga ciki ake hura ta, ba tsayawa, ba jifa ɗaya daga sama ba. Duk da wannan shiri, sai da ya ji rauni a kwatangwalo.

Ɗan Ninƙaya: Ka ga ke nan, Baba, maganata ta kankare ta tabbata.

Malamar Kimiyya: Ba ta tabbata ba, ƙanena. Da kankare ne, Schaller ba zai tashi ba. A kan kankare jiki na tsayawa nan take, a ruwa kuwa wanda ya shiga da ƙafa zai nutse mitoci kafin gudunsa ya mutu, sai bugun ya rarrabu. Inda maganarka ta kusa gaskiya shi ne idan an faɗa ta ciki ko ta baya. Nan haƙarƙari ke karyewa, huhu ya fashe, wani ma ya suma ya nutse. Abin da ke damuna da irin waɗannan finafinan ke nan: jarumi na wutsil-wutsil da hannu da ƙafa a iska, yara kuma suna kallo suna ɗauka ruwa katifa ne.

Mai Kallo: Amma wallahi da idona na ga mutum ya faɗo, ba zane ba ne.

Baba Injiniya: Ka ga ya tashi, ka ga ya shiga ruwa, amma ka ga tsakanin a ɗauka ɗaya ba yanka? Yawanci daga ɗan tsayi ake yin tsallen, ko da igiya a ƙugu, ko a jefa mutum-mutumi, sauran kwamfuta ta cike. Ka koma ka ƙirga daƙiƙun faɗuwar. Idan sun kai 8, ko an rage gudun hoton, ko dutsen ya haura mita 200.

Mai Kallo: Na mayar da shi baya yanzu, Baba. Sau uku aka yanka kafin ya taɓa ruwa. Batun jaka na janye. Amma tunda Schaller ya rayu, ban yarda a ce tsallen ba zai yiwu ba sam.

Malamar Kimiyya: Ba mu ce ba zai yiwu ba. Sake duba yadda jarumin naka ya shiga ruwan, da ƙafa ko da ƙirji?

Mai Kallo: Da ƙirji ne, Malama.