Makaranta da asibiti ne za su bi makiyayi, ko shi ne zai zo ya same su?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini aikin tsara yadda karatu da magani za su isa ga wasu makiyaya da ke nesa da hanyar mota. Akwai ajin da aka gina musu da bulo kusa da inda suke sauka da damina, yara suna cika shi har kaka, amma da ciyawa ta bushe aka tashi, sai na iske ba kowa a ciki sai awaki suna shan inuwa a gindin allo. Ɗakin shan magani ma haka ya kasance. Shin mu ci gaba da gini muna roƙonsu su zauna, ko kuwa mu nemi hanyar bin su?

Tsohon malamin firamare:

Wa alaikumus salam. Malam, wannan ajin bai gaza ba saboda iyaye sun ƙi karatu, ya gaza ne saboda an tsara shi bisa kalandar mutumin da ba ya tashi. Yaron makiyayi ma'aikaci ne a gidansu, shi ke kora maruƙa da safe, 'yar uwarsa kuma tana wajen tatsa, don haka duk makarantar da ta ce a zo ƙarfe takwas ta riga ta sa uba ya zaɓa tsakanin garke da allo, kuma kowa ya san wanda zai zaɓa. A Iran, tun shekarun 1950, Muhammad Bahmanbeigi ya kafa makarantun tanti ga makiyayan Ƙashƙa'i, tantin yana tafiya tare da ayari. Abin da ya riƙe tsarin, a ganina, shi ne malaman 'ya'yan makiyayan ne da aka horar a birnin Shiraz aka mayar cikin danginsu, ba baƙi ba ne da za su fara neman canjin wurin aiki tun watan farko. Nijeriya ma ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, da azuzuwan da ake naɗewa da darussan rediyo. Ka fara neman malami daga cikinsu kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya:

Ni ta fuskar lafiya zan yi magana. A Chadi, wajen shekarar 2000, masu bincike sun gano cewa shanun makiyaya sun fi 'ya'yansu samun allurar rigakafi, domin likitocin dabbobi suna zuwa har mashaya, ma'aikatan lafiya kuwa suna zaune a gari suna jira. Sai aka haɗa tafiyar biyu a mota ɗaya, ana yi wa shanu allura a gefe guda, mata da yara suna karɓar tasu a ƙarƙashin bishiya. Kuɗin mai ya ragu, kuma mutane sun fito, tun da makiyayi ba ya wasa da ranar allurar shanunsa.

Sai dai a lura da abu biyu. Yawancin alluran yara suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, saboda haka ba a fita sai da akwatin ƙanƙara ko firji mai aiki da hasken rana. Kuma da yawa daga cikinsu ba a gama su a zuwa ɗaya, to idan ba ku san burtalin da za su bi da inda za su yada zango wata mai zuwa ba, yaro zai karɓi ta farko ya ɓace muku. Shugabannin ruga ne ke da wannan sanin, da su ake tsara ranaku. Naƙuda mai gardama kuwa ba ta jiran mota, shi ya sa a Mongoliya ake kawo mai ciki ta zauna a wani gida kusa da asibiti idan haihuwa ta matso.

Wani mai karatu:

Ban ƙi maganar Malam ba, amma tanti yana da iyaka. Yana iya koyar da karatu da lissafi, sai dai ba zai fitar da ungozoma ko likitan dabbobi ba, kuma in babu sakandare, ina za a samo malamin nan ɗan gida da ake nema? Mongoliya ta kai kusan kowa ga iya karatu da makarantun kwana, amma a lokacin gwamnati ce ke ɗaukar abinci da ɗakin kwana, dabbobin kuma na haɗaka ne. Da aka raba dabbobi ga iyalai bayan 1990, yara maza da yawa sun bar aji sun koma kiwo. Don haka kada ka rushe ajin bulon, ka riƙe shi na damina, tanti ya bi ƙanana da rani, waɗanda suka girma kuma a nema musu makarantar kwana wadda hutunta ya dace da lokacin da garke ya fi bukatar hannu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Hajiya, in da hali ki ƙara mini bayani kan katin allura, domin na ga katunan da ruwa da gara suka cinye a cikin kayan ƙaura. Wa ya kamata ya riƙe shi, uwar yaro ko ma'aikacin da ke bin su?