Neman shawara: in cire birkin duram na bayan Golf 3 in sa na diski, ko in gyara abina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Golf 3 wagon ƙirar 1996, ina jigilar dankalin turawa da kayan miya da ita daga Jos zuwa Akwanga da Lafiya. Birkinta ne ya fara tayar min da hankali. In na yi lodi na shiga gangaren Hawan Kibo, kafin in kai ƙasa sai in ji birkin ya yi laushi yana nutsewa, ga warin ƙauri. Hambirki kuma sai na ja shi har ƙarshe kafin ya kama. Wani abokin aiki ya ce duram tsohon yayi ne, in sayo kayan baya na Golf mai diski ɗan Baljiyam a ɗaura min, magana ta ƙare. Kafin in zuba kuɗi nake so masana su sa ni a hanya. Allah ya saka da alheri.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka lissafa matsala biyu ce, kuma ba wadda diskin baya zai magance kai tsaye. Nutsewar birki a gangare aikin zafi ne. In ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, don haka tayoyin gaba ke yin mafi yawan aikin, su ne kuma ke ɗaukar zafin. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Da ya tafasa sai tururi ya shiga layi, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ne kake jin ƙafarka tana tafiya ba komai. Yaushe rabon da a zubar da man gaba ɗaya a zuba sabo? Ba ƙari ba, canji. Shekara biyu ce ƙa'ida. Buɗe murfin ka duba, in ya yi baƙi ka samu rabin amsarka.

Hambirkin kuwa alama ce ta shu, wato takalman birki da ke goga cikin duram, sun yi nisa da duram. A cikin duram ɗin Golf akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini da sifirin ke jan sa ƙasa, shi ke matso da shu yayin da suke cinyewa. Ƙura da tsatsa kan riƙe shi, wani lokacin ma ka tarar an cire sifirin ɗin an yar. A buɗe, a wanke, a ɗaga robar silindar birkin a ga ko mai na tsattsafowa. In ya jiƙa shu, a canza silindar da shu na ɓangare biyun, kada a yarda da masu wankewa da fetur su mayar. Kuma kada yaran gareji su hure ƙurar da baki ko da iska, tana da illa ga huhu.

Mai tambaya:
Oga na gode. Gaskiya ƙara mai kawai ake yi tun da na saye ta. Amma in na gyara duk wannan, diskin ba zai ƙara min ƙarfi ba?

Mai Gwanjon Panteka:
Alhaji, ni sayar da kayan nake yi, ribata ce ka saya, amma ka san abin da za ka shiga. Ba diski da kalifa, wato abin da ke matse diskin, kaɗai ba ne. Sai ka canza sandar da taya ke juyawa a kai ta kowane ɓangare, da abin riƙe kalifa, da boris, da tiyo, da wayoyin hambirki, don na duram ba sa shiga. Sannan ka ƙirga noti. Motarka mai huɗu ce, da yawa daga cikin Golf GTI da VR6 kuwa biyar ne, ka ga rim ɗinka ba zai hau ba. Kalifar bayan Golf kuma ta yi suna wajen maƙalewa ta wurin hambirki, musamman wadda ta sha gishirin titin Turai. Fistin ɗinta murza shi ake yi ya koma ciki. Wanda bai sani ba ya sa ƙarfe ya danna da ƙarfi, ya kashe maka ita tun ranar farko.

Baba Direba:
Yaro, giya nawa kake sauka da ita a Kibo? In firi kake saki ko giya huɗu don tsimin mai, ko diski goma ka sa sai sun yi hayaƙi. Ka sa giya biyu tun daga sama, inji ya riƙe motar, birki kuma ka taka ka saki, kada ka kwantar da ƙafa a kai.

Malamin Kanikanci:
Ina tare da Oga, amma akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ɗan'uwa, ka shiga ƙarƙashin motar ta baya ka duba kusa da ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. In ba mai ABS ba ce, wato na'urar hana taya kullewa, galibi za ka ga wani bawul da layukan birki suka shiga cikinsa, yana da ɗan hannu da sifirin. Aikinsa auna lodi. In bayan mota ya zauna, sai ya ƙara wa tayoyin baya matsin mai, in ba kaya ya rage. Yanzu ka dubi abin da masu jigila ke yi: a sa sifirin mai tauri ko a ɗaga bayan don kada ya taɓa ƙasa. Buhu ya cika mota, amma bawul yana ganin ba komai a ciki, sai ya bar gaba da aikin ita kaɗai. Wani kuma hannun ya ci tsatsa ya daina motsi gaba ɗaya. Ka sa wani ya taka birki kai kana kallo, ka kuma motsa hannun da yatsa ka ji ko yana tafiya.

In ka sa diski ba a daidaita wannan bawul ba, ko aka cire shi aka haɗa layi kai tsaye kamar yadda wasu ke yi, tayoyin baya za su riga na gaba kullewa ranar da ka dawo ba kaya. Gaba in ta kulle mota miƙewa take yi. Baya in ta kulle juyawa take yi da kai, balle a kan jiƙaƙƙen titi.

Mai tambaya:
Malam, ka faɗi gaskiya, an canza min sifirin ɗin baya. To in akwai 'yan kuɗi a hannu, ina ya fi dacewa in sa su?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
A gaba. Cire taya ka dubi diskin daga gefe. In falle ɗaya ne, ƙaramin nan mai milimita 239, ka nemi na 256 mai ramukan iska a tsakiya, tare da kalifarsa da abin riƙe ta da gidan boris ɗin da suke ɗaurewa a kai, yana nan a jikin Golf 3 masu babban inji. Shi ne zai riƙe maka zafin gangare. Sai dai yana son rim mai inci 14, ba zai shiga 13 ba, ka duba har da safaya. Ka haɗa da fad, wato abin da ke goga diski, mai kyau, ba na leda marar suna ba. Duram kuma a auna faɗin cikinsa, in ya wuce iyaka ko ya yi zurfin rami a canza biyun tare. Bayan an gama, a saita bawul ɗin motar tana kan tayoyinta, ba a kan jak ba, sannan ka gwada ta a fili ba kaya, ka sake gwadawa da lodi kafin ka nufi Akwanga.