Gahawar Yirgacheffe a V60: tsami da ɗaci a kofi guda, ina matsalar take?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka san harkar gahawa, don Allah ku duba mini wannan lamari.

Yayana ya biyo jirgin Habasha daga Addis Ababa zuwa Kano, ya zo mini da tsarabar gahawa rabin kilo, ƙwayoyi ne ba a niƙa ba. A jikin ledar an rubuta Yirgacheffe, wato yankin Habasha da aka nomo ta, wankakkiya, daraja ta ɗaya. Suyar sama-sama aka yi mata, ba ta yi duhu ba, kuma ranar suyar da aka buga ba ta kai wata guda ba. Da ka buɗe ledar ƙamshin furanni da na ɓawon lemo ne zai doke ka. Uwargida da ko Nescafé ba ta sha, cewa ta yi in bar ledar a buɗe a falo ta zama turaren ɗaki.

Ina da mazurarin tace gahawa na roba da ake kira V60, da takardunsa na tacewa, da ƙaramin sikelin kicin. Gahawa giram 15 nake aunawa, ruwa giram 250. Ina niƙawa a ƙaramin kofin bilenda, irin wanda ake niƙa busasshen yaji da shi, amma sabo ne, yaji bai taɓa shiga cikinsa ba. Ruwan kuwa na burtsatsen unguwa ne da 'yan garuwa ke kawo mana. In ya tafasa sai in bar shi ya huce kamar minti biyar, don na ji ana cewa tafasasshen ruwa yana ƙona gahawa. Daga nan in zuba kai tsaye daga butar lantarki.

Abin da ke faruwa shi ne, da farko ruwan ya bi ta takardar da gudu, can sai ya tsaya cak ya kwanta a kan garin, yana ɗiga da ƙyar, har minti shida bai gama sauka ba. In na kurɓa, tsami ne ke fara zuwa, mai sa a yamutsa fuska, sai ɗaci da bauri su biyo baya su zauna a maƙogwaro. Ƙamshin nan na cikin leda kuwa babu shi babu alamarsa. In na zuba madara da sukari ana iya shan ta, to amma in haka ne me ya raba ta da ta mai shayin bakin layinmu?

Kuɗin abu ɗaya nake da shi a yanzu. In sayi buta mai dogon wuya da nake gani a bidiyo, ko injin niƙa na hannu? Yaya yana ta tambayata ya na ji tsarabar, ni kuma kullum amsata ita ce "Alhamdulillah".

Injiniya Rayfield ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sayi injin niƙa, ka manta da buta tukuna.

Bilenda ba niƙa take yi ba, sara take yi. Wuƙar tana bugun ƙwayar da ta ci karo da ita, wata ta zama ƙura, wata ta tsaya a tsaki. Ka ɗauka ka zuba tsakin masara da garin tuwo a tukunya ɗaya: kafin tsakin ya nuna, garin ya kama gindin tukunya. Manyan ɓarɓashin ruwa bai gama fitar da abin da ke cikinsu ba, su ne ke ba ka tsamin nan mai kaifi. Ƙurar kuma ruwa ya wanke ta fiye da kima, ita ce ɗaci da baurin. Ita ce kuma ke toshe ramukan takardar, shi ya sa ruwanka ke kwanciya. Ƙari a kan haka, gahawar Habasha ƙananan ƙwayoyi ce masu tauri, ko a inji mai kyau ta fi sauran fitar da ƙura, balle a bilenda.

Nemi injin hannu mai haƙoran ƙarfe da ake ƙara wa ko rage wa tazara. Timemore C2 ya ishe ka, in aljihu ya yi nauyi akwai 1Zpresso. Masu haƙoran tangaran suna da araha amma suna rawa in an buɗa su, girman garin ba ya daidaita. Ka saita shi garin ya fito kamar ƙwayar sukari, ka ji shi tsakanin yatsu yana ɗan kaushi.

Batun huce ruwa na minti biyar, bar shi. Suyar sama-sama tana son zafi, tsakanin digiri 92 zuwa 96, wasu ma da tafasarsa suke zubawa. Mu nan Jos muna sama da teku da kusan mita 1,200, ruwanmu a wajen digiri 96 yake tafasa, don haka ni daga wuta sai kan gahawa. Ku a Kano yana kaiwa wajen 98, daƙiƙa talatin ta isa. Wanda ake jin tsoron ƙonawa shi ne baƙar suya, wadda mai ya fito mata a jiki.

Awonka daidai ne, giram 60 ke nan a lita. Ga yadda nake bi da giram 15 ɗin. Ka fara jiƙa takardar da ruwan zafi, ka zubar da ruwan, warin takarda ya tafi mazurarin kuma ya ɗumama. Zuba garin ka daidaita samansa. Ka zuba ruwa giram 40, ka ɗan jujjuya mazurarin yadda ko'ina zai jiƙa, ka jira daƙiƙa 40. Za ka ga garin ya kumbura yana kumfa. Iskar da suya ta bari a cikin ƙwayar ce ke fita, in ba ta fita ba tana hana ruwa ratsa garin. Sai ka ci gaba a hankali kana zagayawa daga tsakiya, ka kai 150, ka ɗan dakata, ka cike zuwa 250. Kada ka riƙa zuba ruwa a jikin takardar, zai bi ta gefe ya sauka bai taɓa gahawar ba. V60 rami ɗaya gare shi babba a ƙasa, ga kuma layukan nan da suka murɗe a jikinsa, don haka ba ya riƙe ruwa, garinka da hannunka ne ke riƙe shi. Duka-duka minti uku zuwa uku da rabi.

In ta fito da tsami da ruwa-ruwa, ƙara laushin garin. In ta fito da bauri, buɗa injin kaɗan. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowace dahuwa, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin wanne ya gyara ba.

Wurin buta, 'yar butar ataya mai siririn baki tana yin aikin. Ka ɗumama ta da ruwan zafi kafin ka juye na dahuwar a ciki.

Maman Husna ta rubuta:

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan niƙa, amma ni ruwan nan na 'yan garuwa ne ya tsaya mini a rai. Ƙanena, leƙa cikin butar lantarkinka. In ka ga farin abu ya daskare a gindinta, ruwanku yana da nauyi. Fiye da kashi 98 cikin 100 na abin da ke kofinka ruwa ne. Ruwa mai yawan sinadarin alli da kanwa-kanwa yana danne ɗanɗanon 'ya'yan itacen da aka sayi Yirgacheffe dominsa, ya bar ka da abu mai duhu marar armashi. Na famfo kuma warin kulorin ke ɓata shi. Wanda aka tace har ya rasa komai shi ma bai yi ba, gahawar salam take fita. Sayi ruwan gora ɗaya ka dafa da shi, ka dafa wata da na burtsatse, ka ajiye su gefe da gefe. Harshenka zai raba gardama.

Sannan don Allah rufe ledar nan. Ƙamshin da ya cika falo, daga kofinka aka cire shi. Ka matse iskar ka ɗaure, ka sa a kabad nesa da murhu da rana, kuma iya wadda za ka sha kawai za ka niƙa. Kada ka kai ta firij, za ta kwashi warin daddawa da albasa. Firiza tana da amfani ga wanda wutarsa ba ta ɗaukewa, amma a yanayinmu na kawo-ɗauke, ƙwayoyin za su yi ta narkewa suna gumi, lalacewarsu ta fi sauri.

Wani abu kuma, ka shirya ranka. Ko ka gyara komai, wankakkiyar Yirgacheffe tana da ɗan tsaminta na asali, mai daɗi, kuma jikinta ba kauri, ta fi kusa da shayi. An cire ɓawon ne da naman 'ya'yan, aka jiƙa aka wanke kafin a shanya, shi ya sa take fita garau. In kana son mai zaƙi da nauyi, ka ce wa Yaya nan gaba ya nemo wadda aka shanya da ɓawonta, irin ta yankin Harar ko wasu na yankin Guji a can Habasha. Kuma ka jira ta ɗan huce kafin ka yanke hukunci, da zafinta harshe ba ya jin komai.

Baba Mai Wurno ya rubuta:

Yara, na karanta duk abin da kuka rubuta, sikeli da daƙiƙa da digiri. Allah ya ba ku lada. Mu a Sudan a kan garwashi ake soya ta a 'yar kasko har ta yi baƙi, a zaga da ita kowa ya shaƙi hayaƙin, a daka a turmi da citta, a dafa, a juye a jabana, wato butar gahawa ta yumɓu, a toshe bakin da zaren kaba. A sha a ƙananan finjali da sukari, ana hira. Ba mu taɓa auna komai ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Ɗana, mutanen da suka noma gahawar nan taka su ma a tukunyar yumɓu suke dafa ta, zagaye uku suke sha. Kawo rabin kilon nan in nuna maka abin da turmi zai yi.

Injiniya Rayfield ya rubuta:

Allah ya ƙara girma Baba. Turmi yana yi wa jabana daidai, domin a can garin yana dahuwa ne a cikin ruwan sannan ya kwanta a ƙasa, ƙura ba ta da abin da za ta toshe. Matar da ta fara tace gahawa da takarda, Melitta Bentz ta garin Dresden a Jamus, a 1908, gudun wannan gari na ƙasan kofi ne ya sa ta huda gwangwanin tagulla ta shimfiɗa takardar shanye tawada ta littafin ɗanta. Takardar tana kuma riƙe man gahawar, shi ya sa tamu take fita fes, taku take da jiki. Sai dai in an sa wa wannan citta, citta za a ji. Ɗan Fagge, ka ɗebi kaɗan ka kai wa Baba, ka riƙe sauran.

Ɗan Gembu ya rubuta:

Tunda ana maganar gahawar da aka san gonarta, ku riƙa tunawa da mu. Gahawa irin Arabika tana fita a tsaunin Mambilla a jihar Taraba, wurin ya haura mita 1,500, ga sanyi ga ruwan sama. Cibiyar binciken koko ta Najeriya tana da reshe a Kusuku da ke aiki a kan gahawa da ganyen shayi. Tsallaken iyaka kuma a tsaunukan Bamenda na Kamaru ana noma ta sosai. Matsalarmu a nan wurin tsinka da shanya take. Manomi ya tsinke ja da kore gaba ɗaya, ya baza a ƙasa, hazo ya sauka a kai. Irin wannan ko injin miliyan ka niƙa ta da shi, ɗanɗanon ƙasa da ruma za ka ji. Amma in ka samu wanda ke tsinkar jajaye zalla ya shanya a kan gado, za ka sha mamaki. Tana da sauƙin sha'ani a V60 fiye da ta Habasha, ba ta cika toshe takarda ba a yadda nake ganinta. In tsarabar Yaya ta ƙare, gwada ta gida.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na leƙa butar, gindinta fari fat. Na koma ruwan gora, na kuma aro injin hannu wurin wani abokin aiki kafin nawa ya iso. Ruwa ya sauka a minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, baurin ya tafi, kuma da ta fara hucewa na ji lemon nan. Tsamin bai gama kwanciya ba, gobe zan ƙara laushin garin. Baba, ina nan tafe da rabonka ranar Juma'a bayan masallaci, a tanadi citta.

Saura tambaya ɗaya. In na niƙa, garin yana mannewa a jikin injin, yana tsalle ya bi hannu da riga. Injin ne ke da matsala?

Injiniya Rayfield ya rubuta:

Lafiyarsa ƙalau, hunturu ne. Iska ta bushe, shi ya sa garin ke ɗaukar irin lantarkin da ke sa mayafi ƙara in an ja shi da dare. Ka jiƙa bayan cokali da ruwa, ka juya ƙwayoyin da shi kafin ka zuba a inji. Ɗigo ɗaya ya isa giram 15, kada ka wuce haka don haƙoran ƙarfe ne. In damina ta faɗi ba za ka buƙaci yin hakan ba.