Zaɓar wa yara littattafai kan 'yan asalin Kanada

Ga abin da na tsinta daga hirar da wasu malaman firamare da iyaye suka yi kan littattafan yara masu ba da tarihin 'yan asalin Kanada.

Kowa ya yarda a fara duba wanda ya rubuta littafin. In labarin Inuit ne, wato 'yan asalin can arewacin Kanada, a nemi marubuci daga cikinsu, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. An ambaci Inhabit Media, kamfanin ɗab'i na Inuit da ke garin Iqaluit a arewacin ƙasar. A kuma guji littafin da ke cakuɗa al'ummomin 'yan asali irin su Cree da Mohawk da Métis kamar ƙabila ɗaya, ko mai nuna su kamar mutanen da suka shuɗe, alhali suna nan da harsunansu.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun makarantun kwanan da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka raba yaran 'yan asali kimanin 150,000 da iyayensu, aka hana su yarensu. Wasu iyaye suna tsoron labarin ya yi wa ɗan shekara shida nauyi. Ni ina tare da masu cewa a faɗa musu, amma daidai ƙarfinsu. Misalin da aka kawo shi ne na Phyllis Webstad, wadda aka ƙwace wa sabuwar rigarta mai ruwan lemo ranar da ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan makarantun tana shekara shida. Daga nan aka samo ranar tunawa da yaran waɗannan makarantun ta 30 ga Satumba. Ƙaramin yaro zai gane zafin rasa riga tun kafin ya fahimci sauran.

Wata malama ta ƙara da cewa kada a tsaya kan baƙin ciki kaɗai, a haɗa da labaran kaka da jika, kamun kifi, da wasa a kan ƙanƙara.