Taƙaitawar shawarwari kan ba kowa damar magana a taro

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawararmu game da tarurrukan ƙungiyoyi da na unguwanni a Yamai.

1. Kusan kowa ya yarda cewa harshe shi ne babbar matsala, domin da zarar an karkata zuwa Faransanci, waɗanda ba su yi lakwal ba sukan yi shiru, alhali sau da yawa su ne suka fi sanin lamarin. An ba da shawarar a yi magana da Hausa da Zabarmanci, a kuma sa tafinta.

2. Shugaban taro ya jinkirta bayyana ra'ayinsa, saboda da wuya a saɓa wa babba a gaban jama'a.

3. A guji sa taro lokacin da mata ke girki.

An rabu kan batun mata da matasa. Wasu na ganin a bar su su fara tattaunawa su kaɗai, sannan wakilinsu ya kawo matsayarsu. Wasu suka ce hakan wariya ce kawai. A ganina na farkon ya fi dacewa da ƙananan unguwanni.

Ba a cimma matsaya kan ƙayyade wa dattawa mintunan magana ba.